Wasan Cikin Waya, Ke Ma Kina Iya Ƙera Naki

Kusan babu gidan da yara ba sa rigima a kan wayar uwa saboda wasa. To, wasannin nan ba daga sama suke faɗowa ba, mutane ne ke zama su ƙera su. A shekarar 2013 wani saurayi ɗan ƙasar Biyetnam, Dong Nguyen, shi kaɗai ya yi Flappy Bird, ɗan tsuntsu ne kawai ke ratsawa tsakanin bututu, amma farkon 2014 ya game duniya.

Abin da ya kamata mai koyo ta fara ganewa shi ne wasa dokoki ne. Duk wadda ta taɓa koya wa ƙanwarta carafke ko dara ta san aikin, sai dai waya ba ta da wayon ƙanwa. Abin da ba ki gaya mata ba, ba za ta yi ba. Ga misali: kaza tana tsince tsaba. Idan aka taɓa dama, kaza ta matsa dama. Idan ƙwaya ta taɓa bakinta, a ƙara maki 1. Idan ƙwaya 3 suka faɗi ƙasa, wasa ya ƙare. Rubuta dokokin nan a littafi da fensir tun kafin ki kunna komai. Za ki ga tambayoyi suna ɓullowa: in kaza ta kai bango fa? Ƙwayar ta riƙa ƙara sauri ko a'a? Amsa waɗannan shi ne rabin aikin.

Sai kayan aiki, kuma duk kyauta ne. Akwai Scratch, wanda jami'ar MIT ta Amurka ta fitar a 2007. Ba a rubuta umarni a cikinsa, tubala ne masu launi ake jawowa a jera, wannan na cewa "idan", wancan na cewa "maimaita". Wadda ba ta da kwamfuta ta nemi Pocket Code, na mutanen wata jami'a a garin Graz na ƙasar Ostiriya, a kan wayar Android kanta ake ginin. App Inventor yana son kwamfuta da intanet, amma abin da aka yi da shi yana hawa waya sosai. Godot kuwa, wanda aka sake wa jama'a a 2014, sai hannu ya faɗa, don a nan dole a koyi rubuta umarni.

A ganina kada kowa ta biya kuɗin kwas kafin ta gama wasa ɗaya da hannunta, komai muninsa. Masu koyo da yawa babban buri ke kayar da su, su ce sai mai motoci da birane, bayan mako biyu sun jefar. In kin gama ƙaramin, miƙa wa yaro wayar ki yi shiru, kada ki yi masa bayani. Inda ya tsaya yana duban ki, nan gyara yake.

Iyaye mata, na san tambayarku, akwai kuɗi a ciki? Kada a sa rai da wuri, wasanni sun yi yawa a kasuwa kuma mafi yawansu ba sa kawo abin kirki. Sa wasa a Google Play sai an yi rajista da dala 25 sau ɗaya, kuma sai mai shekara 18, don haka 'yar makaranta sai da sunan babba. Apple dala 99 yake karɓa kowace shekara. Sabuwar mai rajista a Google kuma sai ta samo mutum 12 sun gwada wasan kwana 14 kafin a bar ta ta fito da shi fili. Wannan kam 'yan ajinku ko matan biki sun isa. Amma a yanka wa yarinya lokaci, awa ɗaya bayan aikin makaranta da na gida, wayar kuma ta kwana a ɗakin uwa.