"An Sace Masa Mazakuta": Yadda Kanun Labarai Ke Hura Wutar Firgici

A watannin Satumba da Oktoba na 2023, da wuya mutum ya buɗe waya bai ci karo da labarin satar mazakuta ba. Yau a Abuja, gobe a Nasarawa, jibi a wani garin. Zancen kusan iri ɗaya ne: baƙo ya tambayi hanya, ko an yi musabaha, ko kafaɗa ta gogi kafaɗa a tasha, sai mutum ya ji yarr a jikinsa, ya dafe wando ya kurma ihu. Kafin ka ce kwabo an yi wa baƙon rubdugu. 'Yan sandan Abuja sun kai masu ƙorafi asibiti, likitoci suka duba suka tarar komai yana nan, har aka gurfanar da wasunsu a kotu kan zargin ƙarya. Sai dai wannan bayanin bai yi rabin tafiyar da ihun farko ya yi ba.

Abin ya girmi Facebook da WhatsApp nesa ba kusa ba. Wani likitan ƙwaƙwalwa, Sunny Ilechukwu, ya ba da labarin cewa tun a 1975 aka kawo masa irin wannan ƙara a Kaduna. A Janairun 1997 aƙalla mutum 7 aka kashe da duka a Ghana cikin 'yan kwanaki kan irin wannan zargi. A 2003 guguwar ta isa Khartoum ta saƙonnin waya da shafukan jaridu. Likitoci sun san tushen abin: tsananin tsoro, kamar yadda sanyi ke yi, yana sa gaban namiji ya tsuke na ɗan lokaci. Wanda ya kwana yana jin ana satar, ranar da baƙo ya taɓa shi gabansa ya faɗi, jikinsa da kansa zai ba shi "shaidar" da yake jira.

To ina laifin kafafen yaɗa labarai? Ba su suka ƙirƙiro jita-jitar ba, amma su ke ɗinka mata riga. Dubi bambancin kanu biyu: "Wani mutum ya yi zargin an sace masa mazakuta" da "Ɓarawon mazakuta ya shiga hannu". Na biyu ya riga ya yanke hukunci, kuma shi ne ya fi sayuwa. Daga nan sai a riƙa ƙirgawa, "karo na uku ke nan cikin mako guda", alhali zarge-zarge uku ake ƙirgawa, babu sata ko ɗaya da aka tabbatar. Shirin rediyo ya buɗe layi, masu kira su yi ta kawo abin da ya sami ƙanin abokin maƙwabcinsu, mai gabatarwa yana "subhanallahi". Mai sauraro kuwa hujjarsa ta kammala: "ai har a rediyo an faɗa." Kowane rahoto darasi ne ga gari na gaba. Ya koya wa mutane wa za su tsorata, wace alama za su ji a jiki, da abin da ake yi wa wanda aka kama.

Masanin zamantakewa Stanley Cohen ya fayyace wannan zagayen a littafinsa na 1972, bayan ya bi diddigin yadda jaridun Ingila suka mayar da 'yar hatsaniyar samari a garin Clacton a 1964 tamkar yaƙi, har suka riƙa hasashen inda za a gwabza nan gaba. Samari suka karanta, suka hallara, 'yan sanda suka ƙara matsa lamba, jaridu suka sami sabon labari. Abin da ya fi jan hankali a bayaninsa shi ne, irin wannan firgici ba ya tashi sai ya sami wanda zai ɗora wa laifi.

Nan ne ya kamata mu Hausawa mu kasa kunne. Julien Bonhomme, masani ɗan Faransa da ya bi sawun wannan jita-jita a ƙasashen Afirka kusan ashirin, ya nuna cewa jaridu sun taimaka wajen tsallakar da ita daga ƙasa zuwa ƙasa, kuma galibi baƙo ake tuhuma, sau da yawa ma Bahaushe. Ɗan kasuwa ko ɗan ci-rani mai doguwar riga da hula, wanda al'adarsa ce ya miƙa hannu ya gaisa da kowa, shi ne siffar da ake nunawa da yatsa a biranen da yake baƙo. Duk wanda ya tura bidiyon irin wannan rubdugu daga Kano yana murna an kama ɓarawo, ya tuna yana da ɗan'uwa a Kumasi ko Duwala.

Akwai kuma asarar da ba a gani, wato tsoro ya tafi inda ba a buƙatarsa. A 2014 Ebola ta kama mutum 20 a Najeriya, ta kashe 8, a Legas da Fatakwal. Duk da haka, cikin dare guda na watan Agusta saƙon "a sha ruwan gishiri, a yi wanka da shi" don kariya daga cutar ya karaɗe ƙasa, aka yi ta tashin mutane da asubar fari, har aƙalla mutum 2 suka rasu wasu suka kwanta a asibiti. A shekarar 2014 ɗin dai kwalara ta kashe ɗaruruwan mutane, yawancinsu a Arewa, ba wanda ya tashi maƙwabcinsa cikin dare ya ce a tafasa ruwa. Zazzaɓin cizon sauro yana kashe 'yan Najeriya fiye da 100,000 duk shekara, amma abin da aka saba da shi ba ya hawa shafin farko.

Saboda haka idan labari mai tayar da hankali ya iso ka, tambayi wa ya gani da idonsa, wane likita ko jami'i ya tabbatar, kuma yaushe aka ɗauki bidiyon, domin tsofaffin hotuna kan dawo da sabon sunan gari. Lura ko "an ce" da "ana zargin" ne ke ɗauke da labarin gaba ɗaya. Idan kuma ihun ya tashi a gabanka a kasuwa, matsa a kai mai ƙorafin da wanda ake zargi ofishin 'yan sanda, daga can a wuce asibiti a duba mai ƙorafin kafin kowa ya ɗaga hannu.