Abin Da Ke Karya Giyar Mota A Karkara

A ƙauyukan arewacin Kano, wajajen Dambatta, Bichi, Kunci da Minjibir, gona tana manne da gona, hanyoyin da suka ratsa su kuwa galibi burtali ne mai yashi. A da jakuna ke kai taki gona, su komo da amfani. Yanzu akori-kura ta karɓe yawancin aikin: ita ke kai gero da dawa kasuwar Dawanau, ita ke kwaso tumatir daga madatsar ruwa ta Watari. In giyarta ta karye a hanya, tumatirin manomi ya ruɓe, direba ya ce tsautsayi ne. Amma kimiyya tana da nata bayanin.

Daga inji zuwa taya

Inji yana samar da ƙarfin murɗawa, irin wanda hannu ke yi wajen kwance noti. Ƙarfin yakan bi ta kuloci ya shiga akwatin giya, ya bi farfela ya isa aksul, inda waɗansu haƙoran ke raba shi ga tayoyi. Haƙoran giya suna rage saurin juyi, suna ninka ƙarfi. Alal misali, in giya ta ɗaya ta ninka shi sau 4, haƙoran aksul suka sake ninkawa sau 4, ya zama ninki 16 ke nan. Mota mai jan ƙafa huɗu, kamar Land Rover, tana da giyar taimako da ke ƙara ninka shi wajen sau 2. Duk wannan yana sauka ne a kan sandunan ƙarfe da kaurinsu bai wuce na ƙotar fartanya ba.

Darasi daga tseren motoci

A 1975, shekarar da aka fara harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna, 504 ta lashe tseren Safari na ƙasar Kenya, ita kuwa da ƙafa biyu take ja. A 1980 kamfanin Audi na Jamus ya fito da Quattro mai jan ƙafa huɗu, wadda ta ci gasar duniya ta kamfanoni a 1982. Tun daga nan masu sha'awar gudu suke sayen irin waɗannan motoci suna ƙara wa injinsu ƙarfi, sau da yawa kuma kuloci ko giya ke fara lalacewa. Dalili shi ne, in aka fizgi mota mai jan ƙafa biyu, tayoyinta sukan yi ta juyi a wuri ɗaya, rarar ƙarfin ta zube a nan. Tayoyi huɗu kuwa sukan kama ƙasa kam, sai dukan ya koma kan haƙoran giya.

Gyaran gida

Direban karkara ba inji yake ƙara wa ƙarfi ba, kaya yake ƙarawa. Akan ƙara sifirin, a ɗaga bodi da katako, a sa manyan tayoyi. Sifirin ya ɗauki nauyin, amma giya da boris suna nan yadda kamfani ya ƙera su. Injiniyoyi sun tabbatar cewa in aka ninka nauyin da ke kan boris mai ƙwallaye sau 2, kwanansa yakan ragu zuwa kashi 1 cikin 8. Wato wanda zai yi shekara takwas, sai ya yi ɗaya. Babbar taya kuma tana tilasta wa sandar aksul ƙarin murɗawa kafin mota ta motsa.

Akwai wani kuskuren. A kwana, tayoyin gaba sun fi na baya tafiya mai nisa. In direba ya haɗa ƙafa huɗu a cikin yashi, tayoyi sukan ɗan zame, bambancin ya ɓace. In ya hau kwaltar Kano zuwa Daura bai cire ba, babu zamewa, sai farfela ta dinga murɗuwa har wani abu ya karye. Haɗa tayoyin da girmansu ya bambanta shi ma haka yake jawowa.

Bugu da ƙari, da damina ruwa yakan shiga aksul idan aka ratsa rafi. Man giyar da ya koma kalar koko ya sha ruwa, a canza shi nan da nan.

Gwaji a aji

Malami na iya ba ɗalibai guntun waya, su lanƙwasa shi gaba da baya suna ƙidayawa. Wanda ya lanƙwasa sosai zai karya nasa da wuri, wanda ya lanƙwasa kaɗan zai daɗe. Wannan ita ake kira gajiyar ƙarfe: ƙaramar tsaga ce ke girma a ɓoye da kowane lodi. Haƙorin da ya karye ranar kasuwa ya daɗe da tsagewa. Saboda haka buhu biyar da direba ya rage yau, su ne kuɗin giyar da ba zai saya baɗi ba.