Dinkinesh: Yadda Masana ke Auna Dutsen Sama Daga Ɗigon Haske

Tsakanin duniyar Mars da duniyar Jupita akwai wata faffaɗar ɗamara ta duwatsu da ke kewaya rana, wadda masana falaki ke kira babbar ɗamara. Na farko da aka gano a cikinta shi ne Ceres, wanda Giuseppe Piazzi ya hango daga birnin Palermo na Italiya ranar 1 ga Janairun 1801, mai faɗin kilomita kusan 940. A yau duwatsun da aka yi wa rajista sun haura miliyan ɗaya, amma da za a haɗa su duka a ɗora a sikeli, nauyinsu bai wuce kashi 3 cikin 100 na nauyin wata ba. Galibinsu ƙanana ne ƙwarai, ta yadda ko a manyan madubin hangen nesa ba a ganin komai sai ɗigon haske yana rarrafe a tsakanin taurari. Duk da haka za ka ji masani ya ce wannan faɗinsa kaza ne, jikinsa dutse iri kaza ne, yana juyawa cikin sa'o'i kaza. Daga ina ya samo wannan, kuma yaya za a yi a san ya yi daidai? Wani ɗan dutse mai suna Dinkinesh ya ba da damar gwada lissafin da zahiri.

An gano shi ranar 4 ga Nuwamban 1999, a ƙarƙashin wani shiri mai suna LINEAR da ke sintirin sama daga Socorro a jihar New Mexico ta Amurka. Aka ba shi lambar wucin gadi, 1999 VD57. Harafin V na nufin rabin farko na watan Nuwamba, D57 kuma na nuna shi ne na 1,429 da aka yi wa rajista a cikin waɗannan makonni biyu kacal. Sai da aka yi shekaru ana bibiyarsa, aka tabbatar ba zai ɓace wa masu lissafi ba, sannan a 2007 ya sami lamba ta dindindin, 152830.

Abu na farko da ɗigon haske ke bayarwa shi ne hanya. Idan aka auna matsayinsa a dare daban-daban, lissafi zai fitar da siffar zagayen da yake yi wa rana. Da irin wannan lissafi ne Carl Friedrich Gauss ya sa aka sake gano Ceres a ƙarshen 1801 bayan ya ɓuya a hasken rana. Ma'aunin da ake amfani da shi shi ne nisan duniyarmu da rana, kilomita kusan miliyan 150. Matsakaicin nisan Dinkinesh ya ninka wannan sau 2.19, wato yana gefen ɗamarar na ciki. Daga nan dokar Kepler ta uku za ta faɗi tsawon shekararsa: a ninka 2.19 da kansa sau uku, a ɗauki tushen murabba'in abin da ya fito, za a sami shekara 3.24. Ɗalibin sakandare mai kalkuleta zai iya tabbatar da wannan da kansa, kuma ina ganin ya kamata malaman lissafi su riƙa ba da irin wannan misali a aji.

Girma ya fi wuyar sha'ani. Masana na auna haske da wani ma'auni da aka gada daga tsohuwar Girka, wanda lambarsa ke ƙaruwa yayin da haske ke raguwa. Idon mutum ba ya wuce mataki na 6, kuma kowane mataki biyar na nufin haske ya ragu sau 100. Tunda nisa na sauya yadda abu ke bayyana, sai a ƙaddara an ajiye dutsen a nisa guda daga rana da kuma mai kallo, a lissafa haskensa a can. Na Dinkinesh ya kama 17.6. Sai dai dutsen sama ba shi da hasken kansa, na rana yake mayarwa. Ƙaramin dutse mai hasken jiki da babban dutse baƙi ƙirin za su iya bayyana iri ɗaya. Kason hasken da jiki ke mayarwa shi ake kira albido. Da a ce Dinkinesh kashi 5 cikin 100 yake mayarwa, faɗinsa zai kai kilomita 1.8, idan kashi 27 ne, bai kai mita 800 ba.

Mafita ita ce a auna zafi. Abin da dutse bai mayar ba ya haɗiye shi, ya ɗumama, sannan ya fitar da shi a matsayin hasken infared wanda ido ba ya gani. Haɗa awon haske da awon zafi kan raba gardama. Masu bincike sun koma cikin tsofaffin hotunan da tauraron ɗan'adam na WISE ya ɗauka a 2010, suka tono Dinkinesh, suka ce faɗinsa kimanin mita 760 ne, albidonsa 0.27. Wasu kuma suka tsaga haskensa zuwa launukan bakan gizo, suka ga inda ma'adinai suka tsotse wasu launuka, suka sanya shi a rukunin S, wato duwatsu masu sinadarin silika da suka yi yawa a gefen ciki na ɗamarar.

Sai batun juyawa. A rataye doya da igiya a gaban fitila tana juyawa: idan ta ba ka gefenta mai tsawo za ta yi haske sosai, idan ta ba ka kanta sai hasken ya ragu. Haka ake bin hawa da saukar hasken dutse dare bayan dare har a gane lokacin da yake maimaita kansa. Awon da aka yi a cibiyar Calar Alto ta Sifaniya ya nuna hasken Dinkinesh na maimaituwa duk sa'a 52.67. Aka ce to, mai nawar juyi ne, ya fi kwana biyu kafin ya juya sau ɗaya.

Abin da ya sa aka duƙufa a kansa haka shi ne kumbon Lucy na hukumar NASA, wanda aka harba ranar 16 ga Oktoban 2021 don ya je wa duwatsun da ke tafiya a hanyar Jupita. Raphael Marschall na cibiyar binciken sama ta Nice a Faransa ya lura kumbon zai gifta ba nisa da wannan dutse, sai aka ɗan karkata akalarsa, da niyyar gwada na'urar da ke bin abin da ake son ɗauka da kanta. A lokacin ne, a Fabrairun 2023, aka raɗa masa suna. Kumbon ya ci sunan wasu ƙasusuwa masu shekara miliyan 3.2 da aka haƙo a Hadar ta Habasha a 1974, Dinkinesh kuwa shi ne sunan da Habashawa ke kiran ƙasusuwan da harshen Amhara.

Ranar 1 ga Nuwamban 2023 kumbon ya wuce shi da tazarar kimanin kilomita 430, yana gudun kilomita 4.5 a daƙiƙa. Hotunan farko suka nuna dutse mai faɗin kusan mita 790 a inda ya fi kauri, abin da ya yi kusa ƙwarai da hasashen masu awon zafi. Shi ne mafi ƙanƙanta a babbar ɗamara da kumbo ya taɓa ziyarta. Amma daga bayansa sai ga wani ɗan dutse ya leƙo: ashe yana da wata nasa. Hoton da aka ɗauka minti shida bayan haka, daga wata kusurwa, ya ƙara ba da mamaki, domin watan curi biyu ne manne da juna, ɗaya mita 210, ɗaya 230. Ba a taɓa ganin irin wannan yana kewaya wani dutse ba. Aka sa masa suna Selam, sunan ƙasusuwan wata ƙaramar yarinya da Zeresenay Alemseged ya gano a Dikika ta Habasha a 2000.

Nan ne aka gane inda gizo ke saƙa. Dinkinesh da kansa yana juyawa cikin sa'a 3.7 ne kawai. Sa'a 52.7 ɗin da aka auna daga ƙasa lokacin da Selam ke ɗauka ne kafin ya kewaya shi, a tazarar kilomita 3.1, yana ba shi fuska ɗaya kullum. Awon bai yi kuskure ba, lambar daidai take. Fassarar ce ta kauce, saboda an ɗauka jiki ɗaya ne ke cikin ɗigon. A ganina wannan ya fi dacewar da aka yi a kan girma muhimmanci, domin kundin masana cike yake da duwatsun da aka ce masu nawar juyi ne bisa irin wannan awo, kuma kumbo ba zai je wa ko kashi ɗaya cikin dubu nasu ba.

Watan ya zo da wata riba. Sanin nisansa da lokacin kewayensa ya ba da damar sake amfani da dokar Kepler a fitar da nauyi: kimanin tan miliyan 500. Idan aka raba da girma, sai a ga jikin bai kai dunƙulallen dutse irinsa nauyi ba, alamar akwai ramuka da giɓi a ciki.

To daga ina Selam ya fito? Bayanin da tawagar Lucy, ƙarƙashin Hal Levison, ta wallafa a mujallar Nature a 2024 ya jingina ne ga hasken rana. Zafin da dutse ke fitarwa yana ɗan tura shi baya, kuma tunda siffarsa ba kewayayya ba ce sumul, turin ba ya daidaita, sai ya zama murɗi. Ana kiran wannan tasirin YORP, daga farkon sunayen masana huɗu: Yarkovsky, O'Keefe, Radzievskii da Paddack. Ƙarfin bai taka kara ya karya ba, amma cikin miliyoyin shekaru yakan hanzarta juyin ƙaramin dutse har ya kasa riƙe kansa. A jikin Dinkinesh akwai dogon kwari da ke nuna wani babban ɓangare ya zame, da kuma tudun da ya ɗaure tsakiyarsa. Fahimtar masanan ita ce ya watsar da tarkace, wasu suka faɗo suka yi tudun, wasu suka curu a sama suka zama Selam, inda curi biyu suka haɗu a hankali ba tare da sun farfasa juna ba. Cewa dutsen ya tsage maimakon ya zube gaba ɗaya na nuna cikinsa na da ɗan ƙwari, kuma wannan bayani ne da masu nazarin kare duniya daga faɗowar duwatsu ke buƙata, tunda duwatsun da ke giftawa kusa da mu daga wannan ɗamara akasarinsu suka fito, kuma da yawansu girmansu ɗaya da Dinkinesh.

Kumbon Lucy ya ci gaba da tafiya. Ya wuce wani dutsen na babbar ɗamara, Donaldjohanson, ranar 20 ga Afrilun 2025, kuma an tsara ya isa Eurybates, na farko a duwatsun Jupita, a Agustan 2027.