Wayarka Ta Yi Nauyi? Duba Ta Kafin Ka Hau Motar Circle

Kwanan baya muna zaune a teburin mai shayi a Nima bayan Magariba, sai wani dattijo ya miƙo mana wayarsa ransa a ɓace. Ɗansa ya turo masa kuɗin magani ta MoMo, amma wayar ta daskare, ta ƙi buɗe saƙon. Har ya yanke shawarar kai ta Circle washegari a wanke ta. Muka ce, "Baba, dakata mu gani tukuna." Abubuwa huɗu muka duba, su ne kuma za mu gaya wa mai karatu.

Na farko, rumbun ajiya. Yawancin ƙananan wayoyinmu GB 32 ko 64 gare su, kuma manhajar wayar kanta ta riga ta cinye kaso mai tsoka. Ga zauren WhatsApp na masallaci, ga na dangi a Kumasi, ga na biki da suna, kowanne yana zubo bidiyo dare da rana. Idan rumbu ya cika maƙil, waya ba ta samun wurin juyawa, kamar mai ɗauke da kaya a tsakiyar kasuwar Nima ranar Laraba. A kashe saukar da bidiyo kai tsaye, a goge waɗanda aka kalla, a bar aƙalla kashi ɗaya cikin goma babu komai.

Na biyu, batir. Shi ma tsufa yake yi. Kamfanin Apple ya ce batiran tsofaffin wayoyinsa kan koma kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsu bayan cika caji kamar sau 500. A Disamba 2017 ya amsa cewa yana rage gudun wayoyin da batirinsu ya gaji don kada su riƙa mutuwa, a 2020 kuma Faransa ta ci shi tarar Yuro miliyan 25 don bai sanar da masu saye ba. To, idan wayarka tana ɗaukewa alhali da sauran caji, batir ne. Idan bayanta ya kumbura, daina yi mata caji nan take, domin tana iya kama wuta.

Na uku, zafi. Waya ba ta son yanayin da ya wuce digiri 35, mu kuwa mun san ɗakin kwano a watan Maris. Da ta yi zafi sai ta rage gudu da kanta don kada ta lalace. Kada a riƙa kallon bidiyo tana kan caji, kada kuma a tura ta ƙarƙashin matashin kai.

Na huɗu, baƙin da muka shigar da hannunmu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Manhajojin da yara ke turo wa juna, da masu alkawarin "share waya", sau da yawa talla suke cusawa. Haka katin memori na jabu. Cire katin, goge abin da ba ka sani ba, ka sake kunnawa.

Idan duk wannan bai yi ba, sai a nufi Tip Toe Lane wurin masu gyara. Amma a kwashe hotuna da lambobi tukuna, a cire layi, kada kuma a ba kowa lambar sirrin MoMo. Wanke waya yana share komai.

Shi dai Baba, rumbunsa ne ya cika. Da muka rage bidiyoyin, sai wayar ta saki, ya ga kuɗinsa. Nan ya kunna mana saƙon murya na ƙarshe da wansa ya turo masa kafin rasuwarsa. Da an wanke wayar, da muryar ta tafi ke nan.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya sa mu dace.