Kambun Kokawar da Tsani Ya Taɓa Lashewa

Duk wanda ya tashi a ƙauyukan Doguwa ko Tudun Wada ya san kokawa. Idan an gama girbi, ganga ta tashi a dandali, samari su fito a gwada ƙarfi. Wanda ya kai abokin karawarsa ƙasa shi ne gwani. Amma filin kokawa ba na ƙarfafa ba ne su kaɗai, masu ban dariya ma suna da gurbinsu.

A Jamhuriyar Nijar kokawa ce sarkin wasanni. An fara gasar Takobi ta ƙasa a garin Tawa a shekarar 1975, kuma Kantu na Maraɗi ne ya fara ɗaukar takobin. Yanzu jihohi 8 ne suke karawa, kowace da 'yan kokawa 10. A cikin filin akwai wasu mutane da ake kira cali-cali. Suna shiga irin ta 'yan kokawa, su kwaikwayi takun zarata da kirarinsu da yadda aka kayar da wani. Idan rai ya fara ɓaci tsakanin magoya baya, su ne suke mayar da abin raha. Sai dai duk iyawar cali-cali, ba a ba shi takobi.

A Japan kuwa sai da aka yi wa raha kambunta na musamman. Akwai wani kamfanin kokawar zamani a can mai suna DDT, wanda aka kafa a 1997. A ranar 29 ga Yuni, 2000, wani ɗan wasansu, Poison Sawada, ya fito da wata ɗamara ya kira ta Ironman Heavymetalweight, ya kuma naɗa kansa zakara na farko. Manufarsa shaguɓe ce ga wani kambu na kamfanin WWF na Amurka, wanda a lokacin aka ce ana iya ƙwace shi dare da rana.

Doka ɗaya ce tal. A ko'ina, a kowane lokaci, duk wanda ya danne zakara har kafaɗunsa suka taɓa ƙasa, alƙalin wasa ya ƙirga uku, to ya zama sabon zakara. Dokar ba ta ce dole sai ɗan kokawa ba. Ba ta ma ce dole sai mutum ba. Daga nan labari ya sha bamban.

Wata rana tsani ya faɗo a kan zakara, alƙali ya ƙirga uku, tsani ya zama zakara. Ba sau ɗaya tsani ya riƙe kambun ba, har bikin ritaya aka taɓa yi masa. Kare ya ci, biri ya ci, haka ma wani mutum-mutumi da ake hura wa iska mai suna Yoshihiko. A ranar 29 ga Afrilu, 2014, shugaban kamfanin, Sanshiro Takagi, yana riƙe da kambun sai aka buge shi ya faɗi, ɗamarar ta sauka a ƙirjinsa, aka ƙirga uku. Da haka ɗamarar ta zama zakaran kanta, kuma ita ce ta 1,000 a jerin. A 2016 kambun ya tsallaka Amurka, inda fitattu irin su Rey Mysterio suka riƙe shi. Zuwa yau ya canza hannu fiye da sau 1,500.

Ta yaya haka za ta yiwu? Amsar ita ce kokawar zamani da muke kallo a talabijin da wayoyi shiri ce kamar wasan kwaikwayo. Tun kafin a shiga fili an tsara wanda zai ci. 'Yan kallon Japan sun san da haka, shi ya sa suke tafi idan tsani ya yi nasara. Abin da ake yi wa dariya shi ne yadda mutane suke ɗaukar muƙami da zafi. Mu ma muna da irinsa, domin a Kano akwai Nalako, Sarkin Gwagware, wanda yake fitowa da tashe a watan azumi.

To amma a nan ne ya kamata mu kula. Sakamakon ne kawai shiri, faɗuwar ta gaske ce. 'Yan wasan suna shafe shekaru suna koyon yadda ake faɗuwa, kuma filinsu yana da shimfiɗa. Duk da haka, a ranar 13 ga Yuni, 2009, babban ɗan wasan Japan Mitsuharu Misawa ya rasu bayan an yi jifa da shi a fili a birnin Hiroshima. Ina ga ɗalibin da zai ɗaga ɗan'uwansa ya maka shi da simintin aji ko na ɗakin kwana?

'Yan'uwa ɗalibai, mu kalla mu yi dariya, amma kada mu gwada a kan juna. Mai son gwada ƙarfi ya nemi izinin malamin wasanni, a yi kokawarmu ta gado a kan yashi, da alƙali, babba da babba, ƙarami da ƙarami.