An Kwashe Kuɗi ta Kati: Wa Ke Ɗaukar Asara?

Duk bankin da aka je masa da ƙorafin an cire kuɗi ba da sanin mai asusu ba, akwai tambayar da yake fara yi wa kansa tun kafin ya buɗe fayil: wannan asara a wuyan wa za ta rataya? Amsarta ce ke yanke saurin binciken, har ma da irin fuskar da za a tarbi mai ƙorafin da ita.

A Amurka, inda katin bashi ya fi yin kaka-gida, doka ta daɗe da ba da amsa. Kuɗin da ke fita ta katin bashi na banki ne, sai ƙarshen wata a kawo wa mai kati lissafi. Idan ɓarawo ya yi sayayya da katin, abin da za a iya ɗora wa mai shi bai wuce dala 50 ba, kuma Visa da Mastercard sun yafe ko wannan ɗin a mafi yawan lokuta. Wata dokar 1974 ta ba mutum kwana 60 ya rubuta cewa bai yarda da lissafin ba. Dole banki ya amsa cikin kwana 30, ya gama bincike kafin kwana 90, kuma ba zai matsa wa mutum ya biya kuɗin da ake jayayya a kai ba kafin a gama. Shi bankin ma ba ya zama da asarar haka nan. Yana bin ta hannun kamfanin katin ya janye kuɗin daga bankin ɗan kasuwar da ya karɓa, sai ɗan kasuwar ya kawo shaidar cewa mai katin ne ya saya, ko ya haƙura.

Tunda asarar tana komawa kan masu ƙarfi, masu ƙarfin suka zuba jari wajen toshe ta. Tsohon kati mai baƙin layi a baya ba ya da wuyar kwafa, na'ura ƙarama a bakin injin cire kuɗi ta isa. Aka kawo kati mai ɗan ƙarfe a gaba, wanda ke ƙirƙirar sabuwar lamba a kowace sayayya. Birtaniya ta kammala komawa gare shi a 2006, Najeriya wajen 2010, a Amurka kuwa sai a watan Oktoban 2015 kamfanonin kati suka sa ƙa'idar cewa ɗan kasuwar da bai sauya na'ura ba shi zai biya idan aka yi masa sayayya da jabun kati. Kwafar kati ta ragu ƙwarai. Amma ɓarayin ba su ajiye sana'a ba. Suka koma sayayya ta intanet, inda lambobin jikin kati kaɗai ake buƙata. Da aka sa musu shingen lambar da ake turo wa mai kati ta waya, sai suka bar katin suka koma kan mai shi.

A nan ne labarin ya shafe mu kai tsaye, kuma ya fi mana ciwo, domin a Najeriya katin bashi kaɗan ne ke riƙe da shi. Abin da ke aljihun mutane katin cire kuɗi ne, wanda ke manne da asusun albashi ko jarin kanti. In an taɓa shi, kuɗin cefane aka taɓa. Ga kuma tura kuɗi nan take tsakanin bankuna, wanda NIBSS, kamfanin da ke daidaita biyan kuɗi tsakanin bankunan, ya fara a 2011, ga tsarin rage mu'amala da tsabar kuɗi da Babban Banki ya soma a Legas a 2012. Sai ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya ingiza miliyoyin mutane, har da tsofaffi da 'yan kasuwar ƙauye, zuwa ga kati da tiransifa da masu POS, ba tare da kowa ya tsaya ya koya musu inda ramukan suke ba.

Dabarun ba ɓoyayyu ba ne. Waya za ta yi ƙara, murya mai ladabi ta gaishe da mutum da cikakken sunansa, ta faɗi ranar haihuwarsa: "Baba, daga banki ne, an samu matsala a lambar BVN ɗinka, yau za a rufe asusun. Za ka ga wata lamba ta shigo yanzu, karanto min in gyara maka." Kafin ya sauke wayar, alat ya fara shigowa a jere. A bakin injin cire kuɗi kuwa, saurayi ne zai matso ya ce, "Hajiya, kawo in taimaka miki," ya ga lambar sirri da idonsa, ya miƙo mata wani katin mai kala ɗaya ya tafi da nata. Wanda aka fizge wa waya ma bai tsira ba, domin layin da ke cikinta shi ne mabuɗin asusun.

To, me banki ke yi idan aka kai ƙara? Zai toshe katin, ya ba da takarda a cike, sannan masu bincike su duba bayanan na'ura: da wace waya aka shiga, an saka lambar sirri daidai, wane layi aka tura wa lambar tabbatarwa. In duk sun yi daidai, hukuncin ya fito: da izinin mai asusu aka yi. Na'ura ba ta san yaudara ba, ta dai ga an danna abin da ya kamata a danna. Zai kuma aika wa bankin da kuɗin suka faɗa ya riƙe asusun can, amma sau da yawa an makara. Cikin 'yan mintoci an rarraba kuɗin zuwa asusu uku ko huɗu da aka buɗe da sunan wasu, an cire su tsaba a wajen masu POS. Ko da an yi sa'a an tarar da saura, maido da shi kan buƙaci rahoton 'yan sanda da umarnin kotu, kuma wanda aka kwashe wa naira dubu arba'in ba zai ɗauki lauya ba.

Mutane na yawan haɗa wannan da wata matsalar daban. A 2020 Babban Banki ya ƙayyade wa'adin maido da kuɗin da injin ya zare a asusu bai bayar ba: awa 48 idan injin wani banki ne, awa 72 idan POS ne ko intanet. Wannan na tangarɗar na'ura ne, bai shafi damfara ba. Wanda aka damfara, hanyar da ke gabansa ita ce ya kai ƙorafi bankinsa, in mako biyu ya wuce ba a warware ba ya ɗaukaka zuwa sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Banki.

Bankuna suna da tasu hujjar, kuma ba ta banza ba ce. Akwai masu yin sayayya da hannunsu su dawo su rantse ba su ba ne, akwai ɗan gida da ya san inda mahaifiyarsa ke ajiye kati. In aka ce duk wanda ya yi kuka a biya shi, an buɗe wata ƙofar damfarar. Sai dai ni a ganina an karkata nauyin gefe guda fiye da kima. Shi wanda aka yaudara ya yi kuskure na minti biyu. Bankin da ya buɗe wa ɗan damfara asusu ba tare da tantance shi ba, ya kuma ga miliyoyi suna shiga suna fita a asusun da jiya babu ko sisi, shi wane hukunci ya hau kansa? Babban Banki ya nuna ya san da wannan gibin: a ƙarshen 2023 ya wajabta haɗa ƙananan asusu da BVN ko lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, a watan Afrilun 2024 kuma ya dakatar da wasu manyan bankunan waya daga ɗaukar sabbin abokan hulɗa na 'yan makonni har su gyara tantancewarsu.

Birtaniya ta tafi gaba da haka. Daga 7 ga Oktoban 2024, wanda aka yaudara ya tura kuɗi da hannunsa ana maido masa har fam 85,000, kuma bankin da ya tura da wanda ya karɓa ne ke raba biyan daidai wa daida. Ba a biyan wanda ya yi mummunan sakaci, amma banki ne zai tabbatar da sakacin, kuma ba a amfani da wannan hujja a kan masu rauni. Da za a ɗauko irin wannan ma'auni a nan, za a fara ne da tambayar ko sakaci ne mutum ya karanta wa mai kira wata lamba, alhali gargaɗin da ke ƙarƙashinta na kada a faɗa wa kowa da Turanci bankin ya rubuto shi, ga dattijon da bai taɓa karanta Turanci ba.