Shekarar da tafiya ta tsaya: Yadda aka rabu da ma'aikatan Airbnb

A farkon shekarar 2020, samun aiki a kamfanin Airbnb abin alfahari ne ga matasa masana kwamfuta a Amurka. Kamfanin, wanda aka kafa a birnin San Faransisko a 2008, sana'arsa dillanci ce: manhajarsa tana haɗa matafiyi da mai gidan da ke da ɗakin haya, shi kuma ya ɗauki la'adarsa. Da wannan la'ada ya samu dala biliyan 4.8 a 2019, ma'aikatansa suka kai kimanin 7,500.

Sai annobar korona ta sauka. Ƙasashe suka rufe iyakokinsu, jirage suka daina tashi, cikin mako takwas cinikin kamfanin ya ragu da kusan kashi 80 cikin 100. Dillali kuwa, in babu ciniki, babu la'ada.

Nauyin farko ya hau kan ma'aikatan da ke sauraren koke. Ga matafiyi ya biya, an hana shi fita, yana neman kuɗinsa. Ga mai gida ya riga ya ɗora lissafinsa a kan wannan kuɗin, wani ma da bashin banki a wuyansa. Kowannensu yana da haƙƙi, ma'aikaci yana tsakiya, alhali shi ma bai san makomarsa ba. A watan Maris kamfanin ya mayar wa matafiya kuɗinsu ba tare da ya shawarci masu gidaje ba. Da suka fusata, shugaban kamfanin, Brian Chesky, ya ba su haƙuri, aka ware dala miliyan 250 domin rage musu asara.

Ranar 5 ga Mayu abin ya iso kan ma'aikatan kansu. Aka sallami kusan mutum 1,900, wato ɗaya cikin kowane huɗu. Abin lura shi ne yadda aka yi rabuwar. Waɗanda ke Amurka sun karɓi albashin mako 14, da ƙarin mako guda a kan kowace shekarar aiki, da inshorar lafiya ta wata 12. An bar wa kowa kwamfutarsa, an buɗe shafin tallata ƙwarewarsu ga wasu kamfanoni. An kuma ɗage sharaɗin cika shekara guda kafin mallakar hannun jari, domin sabon ma'aikaci ma ya fita da rabonsa.

Amfanin wannan ya bayyana ranar 10 ga Disamba, lokacin da kamfanin ya shiga kasuwar Nasdaq. Hannun jarin da aka sa wa farashin dala 68 ya wuce dala 140 a ranar farko. Wanda aka sallama da rabo a hannunsa bai tashi a tutar babu ba.

Ya kai mai karatu, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Saurin bunƙasa ba ya lamunce wa ma'aikaci gobensa, kuma amanar mai kamfani a ranar ƙunci take fitowa fili. In kai ma'aikaci ne, ka san abin da takardar aikinka ta tanadar maka ranar sallama tun kafin ka sa hannu. In kai ke ɗaukar ma'aikata, ka tanadi haƙƙinsu tun kasuwa tana ci. Allah Ya ba mu ikon sauke nauyin da ke kanmu.